Almakashi Ba Ta Ba Da Haƙuri

"Ɗauki ki karanta!"

Mama, mahaifiyar saurayina Dogo, ta turo min wayar a kan tebur har sai da ta bugi kofin shayin da ban taɓa ba.

Ban ɗauka ba. Na riga na san abin da ke ciki.

"Na ce ki karanta, ko sai an karanta miki?"

"Na gani, Mama."

"Bari in taya ta, Mama," in ji wadda ke zaune a gefenta, da wata siririyar murya kamar ta mutumin kirki.

Ita ce shugabar ƙungiyar masoyan Dogo. Kowa Shugaba yake ce mata, ita ma ta manta tana da wani suna. Tun ranar da aka sa mana rana ni da Dogo ta mayar da falon mahaifiyarsa ofishinta.

Ta ɗauki wayar ta gyara zama.

"Wannan ya ce, 'Ba fim aka sayar mana ba, juwa ce.' Wannan kuma, 'Kafin in gane wa ya naushi wa har an mutu an gama.' Kai, mutane ba su da dama... Ga wata ta ce, 'Wadda ta tace fim ɗin nan da gani tana da gaba da idanunmu.'"

Ta ɗago ta kalle ni da tausayin ƙarya.

"Na ƙarshen ne ma ya fi ciwo. 'Jaruminmu bai yi faɗan nan da kansa ba. Wani aka sa, shi ya sa aka yi ta yanke-yanke don kar mu gane.'"

Na juya na kalli Dogo.

Yana tsaye a jikin taga, ya harɗe hannu, idonsa a kan tabarmar ƙofa kamar yau ya fara ganinta. Mutumin da ya diro daga bene a gaban kyamara, ga shi ya kasa ɗaga kai a gaban mata uku!

"To ki saurare ni da kyau," Mama ta ce. "Ranar Asabar masoyansa za su taru a sinima. Za ki hau gabansu ki ba su haƙuri, ki ce kuskure kika yi, za a gyara."

"In ban bayar ba fa, Mama?"



"In ba ki bayar ba, ba ni ba ke. Ba zan haɗa Autana da macen da ta zubar masa da mutunci kuma take ɗaga hanci ba. Ranar da aka sa, a sauke ta."

Wallahi ina son Dogo. Ina son shi irin son da ke sa mace ta yi murmushi ita kaɗai a cikin motar haya har a riƙa kallonta. Amma bakina bai yi shawara da kowa ba.

"Mama, ki gafarce ni in na yi miki rashin kunya. Amma a kan aikina ba zan ba kowa haƙuri ba."

Shugaba ta dafe ƙirji. "Innalillahi!"

Na durƙusa na yi wa Mama sallama. Ba ta amsa ba. Na ɗauki jakata na fita.

Aikina tace fim. Idan darakta ya gama ɗaukar abinsa, jarumai sun gama tsalle-tsallensu sun koma gida, ni ake kawo wa tarkacen. In shiga wani ɗan ɗaki mara taga, daga ni sai kwamfuta da fankar da ke kuka kamar tana jin yunwa, in yanka nan, in haɗa can, har ya zama labari. Da ba wanda ya san da ni. Sunana yakan wuce a ƙarshen fim lokacin da mutane ke neman takalmansu.

Sai da muka yi fim ɗin leƙen asirin nan.

Dogo ne jarumin. A tsakiyar fim akwai wurin da asirinsa ya tonu, maƙiya suka rutsa shi a saman wani bene, ya biyo matattakala yana faɗa da su har ƙasa. Darakta ya ɗauke shi a tafiya ɗaya, kyamara ba ta tsaya ba. Ni kuwa da ya zo hannuna na daddatsa shi. Gwiwar hannu, takalmi, ƙofa, ido, wuƙa, numfashi. Kafin ka gama ganin wannan an jefo maka wancan.

Fim ya fito, duniya ta rabu biyu a kaina.

Wasu suka ce ba su taɓa riƙe kujera a sinima irin na ranar ba. Wani yaro ya rubuta cewa sai da ya fito waje ya tuna bai yi numfashi ba. Wasu kuwa, su ne masu yawa kuma masu baki, suka ce na cuce su. Suka sa min suna Almakashi. Har hotona suka haɗa, aka sa min almakashi a madadin hannu.

Sunan ma ya burge ni, in gaya muku gaskiya.

Zancen wai wani ne ya yi masa faɗan, wannan daga guruf ɗin Shugaba na hira a waya ya fito. Na sani, ta san na sani.

Da na fito daga gidan Mama, ban kai bakin titi ba na ji takun Dogo a bayana.

"Tsaya mana! Ke wai ba kya jin kira ne?"

"Au, ashe kana da murya? Na ɗauka a wurin ɗaukar fim ka baro ta."

"Haba, ƙalbina..."

"Kar ka ce min ƙalbina! A ciki ya kamata ka ce, a gabanta."

Ya sha gabana. Tsayinsa ya kare min rana, abin da kullum nake so, yau kuwa haushi ya ba ni.

"Kalma ɗaya ce fa," ya ce a hankali. "Ki ce su yi haƙuri, shi ke nan, kowa ya huta. Mene ne a ciki?"

"Ƙarya ce a ciki."

"Saboda ni ma ba za ki iya ba?"

"Kai ma kana ganin kuskure na yi?"

Ya kawar da kai. Kawar da kan nan ya fi duk zagin da ke cikin wayar zafi.

"Faɗa min, Dogo."

"To tunda kin tambaya..." Ya shafa kafaɗarsa ta dama, wadda har yanzu ba ta gama warkewa ba. "Watanni na yi ina koyon faɗan nan. Na faɗi, na tashi, na goce kafaɗa, na ƙi yarda a sa wani. Na ce ranar da aka haska shi kowa zai san ni ne. Na zauna a sinima ina jira, sai na ga takalmina. Na ga gwiwar hannuna. Ni ban gan ni ba."

Idona ya cika da hawaye, na haɗiye su.

"Ba kai na tace ba. Fim na tace."

"Ni ne zan aure ki, ba fim ba."

"To ka tabbata ka san wadda za ka aura."

Na tari mota na shige. Sai da muka sha kwana na bar hawayen suka zubo, har mai motar ya rage sautin rediyonsa.

A gida Yayata ta same ni a kicin ina yanka albasa kamar ita ta yi min laifi.

"A hankali, Almakashi, yatsu ne a wurin."

"Yaya, har da ke?"

Ta yi dariya ta karɓe wuƙar. Ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyarmu, ta san taurin kaina fiye da kowa.

"Ki ba su haƙurin mana, 'yar ƙanwata. Baki ne kawai. Bayan biki ki ci gaba da yanke-yankenki, wa zai hana ki?"

"Ni zan hana kaina. Yaya, in na tsaya gaban mutanen nan na ce kuskure ne, gobe duk fim ɗin da na taɓa sai na ji muryarsu a kunnena. In ɗaga hannu zan yanka, in ce Shugaba za ta so kuwa? Shi ke nan fa, na mutu a aikin."

"Shi kuma yaron?"

"Ina son shi."

"Na sani."

"Ina son shi sosai, Yaya..."

Ta jawo ni jikinta, ƙamshin albasa da turare suka haɗu a hancina. Ba ta sake cewa in ba da haƙuri ba. Ta dai ce in wanke fuskata kafin yara su dawo daga makaranta.

Ana gobe taron, da hantsi, Dogo ya turo ƙofar ɗakin tacewa ba tare da ya ƙwanƙwasa ba.

"Ina so in ga asalin ɗaukar. Wadda ba ki taɓa ba."



"Ba ka buƙatar ganinta."

"Jikina ne a ciki. Kunna min."

Na daɗe ina kallonsa. Ya rame, idanunsa sun yi ja. Na jawo masa kujera, na nemo ɗaukar, na kunna.

Ga shi nan a saman bene. Ya naushi na farko, ya kauce wa na biyu, ya diro. Masha Allah, ya iya, wannan ba mai musu. Yana kallon kansa yana gyaɗa kai.

Sai ya daina gyaɗawa.

"Mayar baya."

Na mayar.

A cikin allon, da ya gama da mutum na farko, maimakon ya kalli na biyu da ke zuwa masa da wuƙa, sai idonsa ya zame gefen hagu, wajen kyamara. Ɗan lokaci kaɗan. Har da wani guntun murmushi a gefen bakinsa. Ya ci gaba da faɗa, ya sauko, ya sake kallon wurin. Ya sake. Duk naushi biyu sai ya leƙa.

Ɗan leƙen asirin da mutuwa ke bi a baya, yana ta satar kallon gefe kamar ɗan makarantar da ke jiran a yaba masa.

"Me nake kallo?" ya tambaya.

"Ka tuna wanda ke zaune a hagun mai kyamara ranar?"

Ya rufe fuska da tafukansa.

Masu tace fim ba sa zuwa wurin ɗauka. Ni ma ban taɓa zuwa ba sai ranar nan, shi ya matsa min, wai yana so in ga faɗan da idona. Aka ba ni wata kujerar roba a gefe. Darakta yana can yana bin ƙafafu da naushi, bai lura ba. Sai da aka rushe wurin aka sallami kowa, na zauna a ɗakin nan ni kaɗai, na ga abin da aka kawo min.

"Ya Salam..." Ya ɗago. "Shi ya sa kika daddatsa shi! Kallon kike cirewa. Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Don na san abin da za ka ce yanzu."

"Ai an gama! Gobe mu haska musu wannan. Za su ga ni ne na yi faɗan, za su ga laifina ne, ke rufa min asiri kika yi. Mama za ta sauko, Shugaba za ta..."

"A'a."

"A'a kamar yaya?"

Na kashe allon na juyo da kujerata muka fuskanci juna.

"Kallon nan na cire shi, gaskiya ne. Amma ko da ba ka kalle ni ba ko sau ɗaya, Dogo, haka zan yanka shi. Mutumin da ake bi da wuƙa ba ya ganin ɗaki gaba ɗaya. Ƙofa yake gani, hannu yake gani, inda zai sa ƙafa yake gani. Na so mai kallo ya ji tsoron, ba ya zauna yana yaba tsallenka ba. In ka haska musu wannan, za su ce ayya, ashe soyayya ce, a yafe mata. Ni ban yi abin da za a yafe min ba!"

"Ke dai kin fi son a zage ki."

"Na fi son a zagi aikina a kan a tausaya masa. Kuma kallon nan nawa ne. Ba zan miƙa wa guruf ɗin Shugaba su yi ta yawo da shi suna sa masa kiɗa ba."

Ya tashi ya yi taku biyu, ɗakin ya ƙare masa, ya dawo.

"Mama ba za ta janye ba. Kin san ta."

"Na sani."

"To me kike so in yi, ƙalbina? Faɗa min."

"Ba zan faɗa maka ba. In na faɗa, ni na yi, ba kai ba."

Ya tsaya a bakin ƙofa, hannunsa a kan mariƙi.

"Har yanzu ina ganin ya yi sauri da yawa," ya ce.

"Allah ya ba ka haƙuri."

Ya fita. Na kifa kaina a kan tebur na yi kuka mai isata, fanka tana taya ni.

Ranar Asabar da yamma sinimar ta cika har bakin ƙofa. Riguna masu hoton Dogo ta ko'ina. Mama tana layin gaba, shi yana gefenta, Shugaba tana kan dandamali riƙe da makirufo kamar da shi aka haife ta.

A bayan labule Darakta ya tare ni yana share gumi.

"Don Allah, 'yar'uwa, kar ki ja. Ki ce mun ji ƙorafinsu, za mu fitar da wani a hankali. Masu kallo su ne iyayen gidanmu."

"Kai da ka ga yankan ka tashi tsaye kana tafi, ka manta?"

"Wancan lokacin daban..."

Ban tsaya jin sauran ba, don na ji Shugaba tana cewa, "Ga ta nan, 'yan'uwa. A yi mata uzuri, kowa yana kuskure. Ta zo ne ta ba ku haƙuri."

Na fito. Aka yi min ihu, wasu suna haɗa yatsu biyu suna kwaikwayon almakashi.

Na karɓi makirufon.

"Sannunku da zuwa. An ce muku haƙuri na zo bayarwa. Wanda ya gaya muku haka bai tambaye ni ba."

Wurin ya ɗauki hayaniya.

"Kuɗinmu muka biya!" wani ya ɗaga murya daga baya.

"Ka biya, kuma kana da ikon cewa bai yi maka ba. Tashi ka faɗa, ina jin ka."

Ya tashi kuwa, wani mai faffaɗar kafaɗa. "Ni faɗa na zo gani. Ina so in ga naushi daga inda ya taso har inda ya sauka. Ke kuwa kin hana ni!"

"Na hana ka. An taɓa bin ka da gudu?"

Aka yi 'yar dariya. Ya sosa ƙeya. "Kare ya taɓa bi na."

"Wane launi ne gidajen da ka wuce?"

"Wa ya tsaya kallon gida!"

"To shi ma jarumin naku bai tsaya ba."

Dariyar ta ƙaru, amma mutumin bai zauna ba. "Ni ai ba gudun na biya ba, kallo na biya. In tsoro nake so, sai in koma wurin karen!"

Wannan karon da ni aka yi dariyar. Wallahi ya burge ni.

"Ka yi gaskiyarka," na ce. "Ni ma ina kan tawa."

Wata budurwa mai tabarau ta miƙe. "Ni sau uku na kalla saboda wurin nan! Kar ki canja komai, Anti!"

"Zauna, 'yar kanzagi!"

"Ba zan zauna ba!"

Nan fa wuri ya kaure, masoya suka koma musu da junansu. Wannan yana cewa finafinan da sun fi, ana barin kyamara ta huta. Wancan yana cewa wa zai zauna kallon naushin da ya san inda zai sauka. Shugaba ta ga taron yana zame mata, ta fizge makirufo na biyu.

"Duk wannan surutu ne! Tambaya ɗaya ce. In da gaske shi ya yi faɗan, me take ɓoyewa? Ta haska mana asalin ɗaukar mana!"

"A haska! A haska!"

Na kalli Dogo. Shi ma ni yake kallo. Kalma ɗaya zan ce, a kunna, komai ya wuce.

"Ba zan haska ba," na ce. "Shi ya yi faɗan, kafaɗarsa shaida ce. Wanda bai yarda ba, ruwansa. Fim ɗin da kuka gani shi ne fim ɗin, ni na yanka shi, da gangan, da hankalina. Ku so shi ko ku ƙi shi, hakkinku ne. Amma haƙuri kam, babu!"

Mama ta miƙe tsaye. Ta gyara mayafinta, ba ta ko kalli inda nake ba.

"Auta, tashi mu tafi."

Muryarta ba ta da ƙarfi, amma layukan gaba duk sun ji, shirun ya bi wurin har baya.

Ya tashi.

Na ce a raina, shi ke nan, ke kika zaɓa, sai ki tsaya da ƙafarki ki gani.

Ya sunkuya ya yi wa Mama magana a kunne, ya riƙe hannunta ya sumbata. Sai ya saki. Maimakon ƙofa, ya nufo dandamali, ya hau da tsalle ɗaya, ya karɓi makirufon daga hannun Shugaba ba tare da ya kalle ta ba.

"Ni na yi faɗan nan," ya ce. "Ba zan rantse muku ba, ba zan kuma nuna muku komai ba."

Ya ja numfashi.

"Kuma bari ku ji. Ni ma yankan nan bai yi min ba."

Aka ɓarke da tafi. Shugaba har da tsalle. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige.

Ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Bai yi min ba jiya, bai yi min ba yau, na gaya mata a fuskarta, ta ce Allah ya ba ni haƙuri. Za mu yi ta wannan musun har mu tsufa. Amma macen da aka ce ta zaɓa tsakanin aurenta da faɗin abin da ba ta yarda da shi ba, ta hau nan ita kaɗai ta ƙi yin ƙarya... ni ita zan aura. In ta ce tana so na, na san gaskiya ne. Wanda son da yake min bai kai ya ɗauki wannan ba, ga ƙofa nan."

Tafin bai kai na farko ba. Wasu sun fita da gaske, Shugaba a gabansu, tana danna waya tun kafin ta kai ƙofa. Budurwar mai tabarau kuwa ta hau kan kujera tana ihu.

Ni ban ga sauran ba, hawaye ya rufe min ido.

"Ka makara," na ce masa ƙasa-ƙasa.

"Ai kin san ni, ba na son sauri."

Da muka fito, motar Mama tana nan ba ta tafi ba. Tana zaune a baya, gilashi a sauke. Dogo zai matsa, ta ɗaga masa hannu.

"Ba kai ba. Ita."

Na je na durƙusa a jikin ƙofar motar.

Da ta buɗe baki, muryar ba irin ta falo ba ce.

"Ke kina ganin waɗancan ne suka dame ni? Ina ruwana da su. Yaron nan ni na yi jinyar kafaɗarsa, ni na riƙa gasa masa ita yana cije baki. Na ce to, bari in je in ga abin da ya sa ya kusa nakasa kansa. Idona ba shi da ƙarfi, 'yar nan. Na zauna a sinima na buɗe shi iya buɗewa, ban ga ɗana ba. Kowa yana ihu, ni ban san me ake yi ba."

Wannan ce maganar da ta shige ni. Duk zagin da aka yi min babu wanda ya taɓa ni kamar ita.

"Mama," na ce, "fim ɗin ba zan canja shi ba. Amma in kin yarda, zo in nuna miki ɗanki."

Ta kalle ni ta gefen ido. Ta matsa ta ba ni wuri.

A ɗakin tacewa na ba ta kujerata, na jawo allon kusa da fuskarta, na rage gudun hoton. Dogo muka bari a waje yana safa da marwa.

Ta ga Autanta tun daga saman bene. Duk dirowar da zai yi sai ta dafe ƙirji ta ce, "Ya Allah!" Duk naushin da ya kauce wa sai ta kauce tare da shi. Can ta matso da fuskarta.

"Wai me yake ta leƙe a gefe?"

Na sunkuyar da kai.

"Wa ke zaune a wurin?"

"Ni ce, Mama."

Ta ci gaba da kallo har ɗaukar ta ƙare.

"Sakarai," ta ce, tana goge ido da bakin mayafi. "Ana bin sa da wuƙa yana kallon mace. Da ya karye wuya fa? Gara a yi auren nan a huta, kafin ya kashe min kansa."

Na kama hannunta na riƙe.

"Kuma kar ki ɗauka na manta," ta ce. "Har yanzu ba ki ba ni haƙuri ba."

"Ban bayar ba, Mama."

Ta harare ni sama da ƙasa, ta ja tsaki, ta gyara zama a kujerata.

"To sake kunna min."